Ranar da Aka Sace Jirgin Ibtisam

Ana sallame sallar Juma'a aka ji kururuwar Ibtisam daga wajen daiwani, ɗakin baƙin Shehu Sa'id mai garin Hillat Rimawa. Kafin maza su gano takalmansu ta fito tsakar rana, kwaɗon ƙofa a buɗe a hannunta.

"Akwatin ba ya nan! Ya jama'a, ba ya nan!"

Babu wanda ya tambayi wane akwati. Ibtisam 'yar garin ce, ta yi karatun aikin gona a Madani, kuma kwana biyar ke nan da ta dawo da wani ɗan jirgi marar matuƙi da ke kwana cikin baƙin akwati. Kullum da safe takan tashe shi sama, yana ɗaukar hoton gonaki, don a ware ƙasar da ta mutu da wadda za a iya cetowa. Ranar Lahadi lajna, wato kwamitin gwamnati, za ta zauna a Sinja. Ƙauyuka goma sha ɗaya suka kai kuka, huɗu kawai za a aika wa katafila da garma mai zurfi kafin damina, kuma ba a duba ƙauyen da bai kawo taswira ba.

Shekara uku ke nan da taras ya ɓalle, wato ganuwar ƙasar da ke tare ruwan tudu a arewacin gari. Ruwan ya yi wa kansa hanya, ya haƙa kwazazzabo, ya cinye gonakin gangare. Abin da bai cinye ba ya kankare masa fata, ya bar faƙo mai tauri kamar daɓe. Gida talatin sun riga sun tashi.

"Hotunan fa?" in ji Shehu Sa'id. "Ba ki kwashe su ba?"

"Suna cikin jirgin, ya Shehu. Na tafi asibiti in sa wa kwamfuta wuta a sola don in kwashe su yau."

Wani daga baya ya ce ya ga Kulu mai wanki a ƙofar daiwanin da kwano. Wani ya ce shi ma ya gani. Kafin a jima sunan ya zagaye taron.

Shehu ya ɗaga sandarsa. "A kira mini Salih."

*

Salih mai bin sawu ya haura sittin. Ya sha bin ɓarayin raƙuma har bayan Damazin, kuma ya san tafin ƙafar kusan kowa a garin. Da ya iso ya dubi ƙofar daiwanin, ya dubi mutanen, ya girgiza kai.

"Kun tattake shi duka. Ku ja baya, don Allah."

Mabuɗin ƙarƙashin randa ake ajiye shi, kuma rabin garin ya san haka. Salih bai ɓata lokaci a nan ba. Ya zagaya bayan danga, ya tsuguna. Akwai sawun silifa irin ta roba da kowa ke saya a kasuwar Abu Na'ama, ƙafar dama ta fi nutsewa, alamar mai ita na ɗauke da kaya a wannan gefen. Silifar ta yi wa mai ita yawa, ko kuma da gangan ya sa babba. Ya bi ta tsakanin gidaje har bayan gari, Ibtisam na biye da shi.

A bakin faƙon sawun ya ƙare.

Salih ya buga dunduniyarsa a ƙasa da ƙarfi, ya ɗaga. Ko alama babu.

"Kin gani, ɗiyata? Da, nan ko ɓera ya wuce sai na gaya miki ina za shi. Yanzu jaki da kaya zai bi ta nan ban sani ba."

"Ammi Salih, in ban hau motar asubahin Lahadi da jirgin nan ba, shi ke nan. Sai shekara mai zuwa, in ma za a sake."

"Ba wanda zai kai shekara mai zuwa a garin nan," in ji shi.

*

Kulu na zaune a ƙofar bukkarta, 'ya'yanta uku sun lafe a bayanta, mata sun yi cirko-cirko a bakin danga. Gonarta ce ta farko da kwazazzabon ya ci. Mijinta Nuraddeen ya tafi haƙar zinariya arewa a shekarar, rami ya rufta da shi. Tun daga nan take yi wa mutane wanki da kisra, wainar dawa.

"Kin je daiwani?" Salih ya tambaya.

"Na je. Na kai wa muhandisa Ibtisam abinci, na iske ƙofa a kulle, na aje kwanon kan randa."

"Kin san inda mabuɗi yake."

"Wa bai sani ba, Baba Salih?" in ji ta. "Mi zan yi da jirgi? In dafa wa yara? Jirgin nan shi kaɗai na sa wa rai. Kullum in ya tashi ina roƙon Allah ya bi ta kan gonata."

"Miƙo ƙafarki."

Ta miƙo. Ya duba, ya sa ta ta taka ƙasa, ta je ta dawo. Tana jefa ƙafar hagu waje. Mai silifar ba ya haka.

"Ba ita ba ce," ya gaya wa matan da ke bakin danga.

"Ai ba sai ita ta ɗauka ba," wata ta amsa. "Buɗewa za ta yi wani ya ɗauka, a raba."

Salih ya ɗauki sandarsa. Ya fita yana jin Kulu na kuka a hankali.

*

Maza biyu ne ba a gani a masallaci ba ranar. Na farko Alhaji Bilyamin mai gawayi. Iyalinsa sun ce ya tafi Abu Na'ama, amma sawun jakinsa yamma ya nufa, kuma can Salih ya same shi, a wani kwari bayan tudu, tsakanin ramukan gawayi biyar masu hayaƙi. Kututturan bagaruwa sababbin sara sun kewaye wurin.

"An ce kana kasuwa, Alhaji."

"To ga ni nan." Alhaji ya share zufa. "Na san abin da ya kawo ka. Labari ya iso."

"Jirgin ya bi ta kan ramukan nan ranar Laraba. In lajna ta gani, 'yan gandun daji za su zo."

"Na sani. Wallahi ranar na ɗauki dutse, na ji kamar in jefe shi. Amma ban taɓa shi ba." Ya nuna wani rami da gefensa ya tsage. "Wanga ya buɗe tun hantsi. In na bar shi iska ta shiga, toka zan iske. A nan na yi azahar, duba."

Salih ya duba. Sawun Alhaji ya cika wurin, na safe da na rana, wani kan wani, babu wanda ya fita zuwa gari ya dawo. Ga kuma ƙafarsa, babba ce ƙwarai, da ta cika silifar har ta yi saura.

"Kana sare bishiyoyin da ke riƙe ƙasar," in ji Salih yana miƙewa.

"Baki goma sha huɗu ke gidana, Salih. Gonata ta ba ni buhu biyu bara. Ka gaya mini mi zan sara."

*

Na biyu shi ne Mahadi, ƙanin Sakinatu matar Salih. Manomi ne mai ƙwazo, gonarsa na can sama kusa da taras, tana cikin 'yan kaɗan da har yanzu ke ba da dawa. An ce zazzaɓi ya kwantar da shi tun daren Alhamis. Salih ya same shi a kan gado ƙarƙashin rumfa, ya lulluɓa.

"Sannu, Mahadi. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya. Na ji abin da anka yi. Allah ya tona."

Ya yunƙura ya zuba wa Salih gahawa daga jabana, 'yar butar ƙasa. Hannun hagun da ya riƙe ɗan kofin da shi yatsu uku gare shi, bel ɗin injin sussuka ya tafi da biyun tun yana saurayi. Salih ya karɓa, ya taɓa masa goshi. Da zafi, amma rana ma da zafi.

"Ba ka fita ba yau?"

"Ko bayan gida da ƙyar." Sannan Mahadi ya ƙara da cewa, "Kulu dai su ƙyale ta, Yaya. Matar nan ta sha wuya."

"Shehu ya ce in gobe da la'asar babu labari, zai kira 'yan sanda daga Abu Na'ama. Ita za su ɗauka. Jama'a na son a ɗauki wani."

Mahadi ya juya fuskarsa ga danga, ya ja mayafi.

*

Da sassafe ranar Asabar Salih ya koma bakin faƙon. Tun da tsakiyarsa ba ta riƙe sawu, ya ce zai bi gefensa har ya zagaye, don duk wanda ya shiga sai ya fita ta wani wuri. Ibtisam ta bi shi da gorar ruwa, idanunta sun kumbura.

"Gaya mini," in ji shi suna tafe, "ranar Alhamis ina jirgin ya bi?"

"Kan taras. Shi ne na ƙarshe."

"Su wa ke kusa da ke?"

"Mutane da yawa, suna leƙen allon da nake gani da shi. Shehu, Alhaji, Ammi Mahadi, liman." Ta ɗan yi tunani. "Akwai wani abu da na gani. Daga inda taras ya ɓalle, wani layi fari-fari ya miƙe zuwa gabas, sambal. Na ce musu, ruwa ba ya tafiya a miƙe haka. Ba wanda ya amsa, ni ma na manta."

Salih ya ci gaba da bin gefen faƙon. Sun yi awa uku suna tafiya cikin rana, kansa a sunkuye, yana wuce sawun awaki da na mata masu itace. Sau biyu ya ga silifa, sau biyu ta zama ta wani makiyayi. Rana ta kusa tsaka suka iso inda faƙon ya faɗa cikin kwazazzabo. Zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. A gefen gangaren ƙasa ta zube sabuwa.

"Tsaya nan," ya ce mata, ya sauka shi kaɗai.

Ƙasan kwazazzabon yashi ne mai laushi, kuma iska ba ta kai wa nan. Ga shatin akwati mai kusurwa huɗu inda aka ajiye shi a inuwar gaɓa. Ga silifa biyu an tuɓe su gefe guda. Gaba kaɗan, wajen alƙibla, ga gurbin gwiwoyi da na goshi. Ɓarawon ya rasa Juma'a, amma ya kasa barin azahar ta wuce shi. Ba shi da ruwa, sai ya yi taimama.

Tafukan hannu biyu sun zauna cikin yashin tsaf. Na dama yatsu biyar. Na hagu uku.

Salih ya daɗe a tsaye. Ibtisam ta kira shi daga sama har sau biyu kafin ya ɗaga kai.

"Je ki gaya wa Shehu kar ya kira kowa daga Abu Na'ama. Ya zo nan da la'asar, da Kulu, da Alhaji, da Mahadi. Ko a kan jaki ne a kawo Mahadi."

Ya tuɓe rawaninsa, ya shimfiɗa a kan tafukan, ya danne gefensa da duwatsu, ya zauna yana gadi.

*

Ba su huɗun kaɗai suka zo ba. Rabin gari ya jeru a bakin gaɓa yana leƙowa. Salih ya tsayar da waɗanda ya kira nesa da rawanin.

"La'asar ta yi," in ji shi. "Ba mu da ruwa a nan. Kowa ya yi taimama, a gabana."

Shehu Sa'id ya dube shi, sannan ya tsuguna ya buga tafukansa. Alhaji Bilyamin ya yi. Kulu ta yi. Mahadi na tsaye, hannuwansa cikin aljihun jallabiya.

"Ina da alwala, Yaya."

"To."

Salih ya je ya ɗauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya yaye rawanin. Bai nuna kowa da yatsa ba. Shehu ya matso ya duba, ya ja salati. Surutun da ke bakin gaɓa ya mutu.

Mahadi ya zauna daɓas a yashi.

"Yana cikin matmurata," ya ce. Matmura ramin ajiyar dawa ne da ake haƙawa a gona. "Ban fasa shi ba. Na ɗauki gatari, na kasa."

"Don mi, Mahadi?" in ji Shehu. "Kai da gonarka ke da rai? Kai da za ka fi kowa cin amfanin gyaran?"

"Layin da muhandisa ta gani." Ya nuna wajen taras. "Ni na haƙa shi. Shekarar nan da ruwa ya ɗauke kwana ashirin, dawata na bushewa ina kallo, ga ruwa kwance bayan taras. Na sara shi kaɗan, faɗin fartanya biyu, na ja 'yar hanya zuwa gonata. Na ce gobe in toshe. Kafin goben anka yi ruwan nan mai yawa." Ya dubi bangon kwazazzabon da ya fi shi tsawo ninki biyu. "Faɗin fartanya biyu, wallahi. Ƙura ta cike hanyar, ciyawa ta rufe, ni kaina na bar ganinta. Sai ranar Alhamis na gan ta cikin allo, ta miƙe har kusurwar gonata."

Wani ya jefo hoge daga sama, ya fashe kusa da ƙafarsa. Wani ya biyo. Shehu ya daka tsawa, Salih ya je ya tsaya a gaban surukinsa.

Kulu ce ta ratso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar da anka kawo labarin Nuraddeen, kai ka zo mini da mudu biyar na dawa. Ka ce in yi haƙuri, ikon Allah ne."

Mahadi bai ɗago ba.

"Na ci. Na ba yara. Har addu'a na yi maka." Ta goge tafukanta da suka yi yashi a zanenta. "Kuma jiya kana kwance kana ji ana ce mini ɓarauniya."

Ta juya ta fara hawan gaɓar. Matan da ke sama suka miƙo mata hannu, ta ƙi kamawa, ta hau da kanta.

*

An ciro akwatin kafin magariba. Jirgin lafiyarsa lau. Shehu Sa'id ya ja Ibtisam gefe, Salih na jinsu.

"Ɗiyata, hoton layin nan. In lajna ta gani za su ce mu munka kashe ƙasarmu da hannunmu. Ki cire shi."

"In na cire, za su ce taras ya ɓalle ne don ƙasar wurin ba ta riƙe ruwa, ba amfanin a sake gina shi. In sun ga sara shi aka yi, sun san zai tsaya." Ta rungume akwatin. "Ban san wanda za su fi dubawa ba, ya Shehu. Amma haka zan kai shi."

Kwana tara aka yi babu labari. A na goma Ibtisam ta bugo waya daga Sinja. Hillat Rimawa ta fito ta huɗu. Za a gina taras, za a yi garma a gonakin tudu da na tsakiya. Gonakin gangare kuwa an shafa musu ja a taswira, ba a cetonsu, sai dai a dasa ƙaro a jira shekaru. Gida goma sha tara ne abin ya shafa, har da na Kulu.

Ba a kai Mahadi Abu Na'ama ba. A gaban Shehu da liman ya sallama wa Kulu gonarsa, ya kwashi iyalinsa zuwa Rusairis inda ba a san shi ba. Da aka tambayi Kulu ko ta karɓa, ta ce, "Zan noma ta, ina da yara. Amma kar in ji wani ya ce an biya ni." Sauran gidaje goma sha takwas ba su sami kome ba, bakwai daga ciki suka tashi kafin ruwan farko.

Ranar da motar Mahadi ta tafi, Salih ya koma gida ya tarar da Sakinatu zaune a gindin murhu, ba ta hura wuta ba. Kwana goma sha biyu ke nan ba ta yi masa magana ba sai gaisuwa.

"Kai kaɗai ka sauka ramin nan," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Yashi ne. Da ka share da ƙafa, wa zai sani?"

Ya jingine sandarsa, ya zauna a ƙasa nesa da ita kaɗan.

"Na ɗaga ƙafar, Sakinatu. Wallahi na ɗaga ta."

"To mi ya hana ka?"

"Gurbin goshinsa na gani. Ya nutse ƙwarai, kuma yashin gefensa ya dunƙule, irin wanda ruwa ya ɗiga a kai ya bushe. Ya daɗe a sujadar nan yana kuka." Ya murza idanunsa. "Na ce in na share, haka zai yi ta yi har ya mutu, Kulu kuma tana hannun 'yan sanda."

Sakinatu ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta jima a haka, kafaɗunta na girgiza. Sannan ta jawo itace, ta fara jera shi a murhu.